Tambayoyinku kan waya: daga Damagaram zuwa Matamai a kan keke

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a unguwar Garin Malam. Ni da abokaina biyu muna so mu je Matamai a kan keke idan an yi hutu, sai dai muna tsoron kwaltar Takeita saboda manyan motoci. Na buɗe Google Maps ban ga wurin zaɓar keke ba. Wace manhaja ce za ta fitar mana da hanyar da ba motoci?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Wayarka lafiyarta lau. Google bai buɗe jagorar masu keke a kowace ƙasa ba, shi ya sa nan wajenmu sai ka ga ta mota da ta mai tafiya a ƙasa. Ta mota kuwa kai tsaye za ta ɗora ka bisa RN1, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa ta shigo nan, ta wuce Gure har Diffa. Kusan kilomita 50 za ku yi a kanta kafin ku karya kudu a Takeita, ku bi ta Kance ku sauka Matamai. Tsoronku yana kan hanya. Babbar mota idan ta gifta ka da gudu, iskarta kaɗai tana iya fizgar keke, kuma wurare da yawa gefen kwaltar a cinye yake, ba inda za ka raɓa.

Ka sauke OsmAnd ko Organic Maps. Dukansu suna aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kuma mutane ne ƴan sa-kai suke zana ta. Dukansu suna da alamar keke. Ka sami wuri mai wifi ka sauke taswirar Nijar gaba ɗaya cikin waya, daga nan ba ruwanka da mega. Organic Maps ta fi sauƙin sha'ani, amma don irin tafiyarku na fi son OsmAnd, domin a saitin keke tana barin ka ce mata ta fifita ƙananan hanyoyi, kuma za ka iya dasa mata garuruwan da kake so ta bi da kai ɗaya bayan ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da ka ce mata ta kauce wa kwalta, za ta yanke da kai ta cikin ƙauyuka, ta zana maka layi mai kyau, har ta nuna maka ka rage kilomitoci. Wanda ya zana layin nan, sau da yawa daga hoton tauraron ɗan'adam ya kwafe shi, ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Shi dai ya ga sawu ya ratsa gonaki. Ko jan burji ne mai tauri, ko turbar amalanke ce da rairayi ke shanye taya, wannan taswira ba ta cika faɗa ba. Kudancin Damagaram kuma, wajen Korama, kowa ya san ƙasar tudun rairayi ce da fadamu. Keken da ke cin kilomita 15 a awa bisa burji, cikin rairayi turawa za ka yi, da kyar ka yi 4. Ga tsidau da ƙayar aduwa, ga shi mai faci ba kowane ƙauye yake ba. Yankewar da kuka yi murna da ita sai ta kai ku dare a daji.

Saboda haka aikin kashi biyu ne. Da farko ka bar OsmAnd ta zana. Sannan ka koma Google Maps, ka juya shi zuwa hoton tauraro, ka bi layin nan da yatsa daga fari har ƙarshe. Hanyar burji takan fito ja-ja, faɗinta ɗaya, a miƙe. Inda ka ga sawu fari fat ya rarrabu gida uku ko huɗu sannan ya sake haɗewa, rairayi ne, kowa na neman inda zai tsira. Ka lura da inda layin ya tsallaka gulbi ko ya gifta tabki, don hoton ba na jiya ba ne, wataƙila da rani aka ɗauke shi, ku kuma hutunku ya faɗo cikin damina.

Na biyu, ka rubuta sunayen ƙauyukan a takarda, a jere, ka je tasha ka nuna wa ƴan kabu-kabu da masu kai kaya kasuwannin ƙauye. Mai tambaya ba ya ɓata. Ka tambaye su ko babur mai kaya yana bi ba tare da an sauka an tura ba, kuma yaushe rabonsu da wurin. Idan maganarsu ta saɓa da ta waya, tasu za ka ɗauka.

Ni a ganina ba dole ne ku guje wa kwalta ɗungurungum ba. Inda burji yake, ku bi shi. Inda ba shi, ku hau kwalta da sassafe bayan gari ya waye sosai, ku jeru ɗaya bayan ɗaya, kada ku yi kafaɗa da kafaɗa, da riga mai haske da madubi a hannun keke. In kun ji babbar mota a baya ga wata tafe a gaba, ku sauka ƙasa ku ba su wuri. Ku binciki ranakun kasuwar garuruwan da ke kan hanya ku kauce musu, ita ma Alhamis ta nan gari haka. Magariba kuma ta same ku a masauki.

Tambaya: Idan rezo ya ɗauke a daji, taswirar za ta daina nuna inda nake?

Amsa: Ba za ta daina ba. GPS daga taurari yake karɓar saƙo, ba daga eriyar Airtel ko Moov ko Zamani ba, ko ka zare sim ɗigon da ke nuna inda kake zai ci gaba da binka. Sharaɗin kawai taswirar ta kasance cikin waya tun daga gida. Abin da ke tsayawa shi ne aika wa wani inda kake. WhatsApp yana ba ka minti 15, awa 1 ko awa 8 na nuna wurinka kai tsaye, amma sai da mega da rezo. Don haka ka bar wa na gida kwafin takardar ƙauyukan nan, ku yi alkawari duk babban garin da ka shiga za ka yi kira.

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga unguwar Zango ya ce shi Tanut yake son zuwa, kuma batirinsa ba ya kai masa yini idan taswira na kunne.

Amsa: Gilashin waya ne ke shan caji, fiye da GPS ɗin kansa. Ka kashe gilashin, ka bar murya ta riƙa gaya maka inda za ka karya. Inda ba rezo ka sa ta a yanayin jirgin sama, domin neman eriya ma cin batir ne. Kada ka ɗaure ta a hannun keke rana na dukanta. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, waya za ta yi zafi ta rage haske, ta ƙi karɓar caji, wani lokaci ta kashe kanta. Cikin jaka ko aljihu ya fi mata. Batirin ajiya kuma, mai lamba 10,000 ba ya cika waya mai 5,000 sau biyu, wani kaso yana salwanta wajen juyawa. Ka lissafa shi a cika ɗaya da ɗan ƙari.

Maganar Tanut kuwa, ɗan'uwa, ba zan ba ka ƙwarin gwiwa ba. Hanyar Agadas ce, kuma a kanta matatar mai ta SORAZ take tun 2011, motocin dakon mai na kai da kawo. Da hunturu iskar arewa maso gabas za ka yi ta tunkara, ƙura kuma tana hana direba hango ka da wuri. Garuruwa sun fi na kudu nisa da juna, ruwan sha sai wanda ka ɗauko. In dai gwada ƙafa kake so, fara da Mirya, ba ta kai kilomita 20 ba. Ka kunna ɗaukar sawun tafiya a OsmAnd, in ka dawo ka duba awa nawa ta ci maka da kashi nawa na batir, da wannan lissafin za ka auna tafiya mai nisa.