Lens biyar gare ni, in ƙaro kyamara ko in haƙura?

Tambaya: Salam. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, hoto sha'awa ce kawai ba sana'a ba. Ina da Canon 600D da lens 18-55mm, 55-250mm, 75-300mm, 50mm f/1.8 da wani tsohon na Nikon da na tsinta a gwanjo, ga filasha ɗaya. Ina son in sayi wata kyamarar, Canon 6D, ta hannu kafin bikin kamun kifi na Argungu. Sannan cikin 75-300 ɗin ina ganin wani abu kamar yanar gizo-gizo, mene ne shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da yanar nan don ita ta fi gaggawa. Funfuna ce, danshin damina ke kawo ta in an bar lens cikin jaka a rufe a ɗaki mai duhu, kuma ba ta tsayawa wuri guda, in ta daɗe tana cin rufin da ke jikin gilashin har ya zama ko an wanke tabon na nan. Yau ɗin nan ka raba shi da sauran. Ka haska tocilan ta bayan kowane lens ka leƙa ta gaba, in ka ga zare-zare farare to shi ma ya kamu. Shi 75-300 ɗin ni dai ba zan kashe mai kuɗin gyara ba, dama 55-250 ya fi shi kaifi kuma yana da IS mai rage rawar hannu, aiki ɗaya suke yi maka, ɗaya zaman banza yake.

Maganar 6D kuma ka dakata. 18-55 da 55-250 ɗinka duka EF-S ne, wato irin da aka yi wa kyamara mai ƙaramin sensa (abin da ke ɗaukar hoton a cikinta), ba sa hawa 6D mai babban sensa sam, kenan ranar da ka saye ta 50mm kaɗai ya rage maka mai lafiya, sai ka sake sabon kashe kuɗi. Kuma a Argungu ƙaramin sensa na 600D riba ce gare ka, yana ninka tsawon lens sau 1.6, wato 250mm zai ba ka kusan abin da 400mm ke bayarwa a 6D. Kai da za ka tsaya bakin Matan Fada cikin cunkoso, masunta na can tsakiyar ruwa da gora da homa, nisan nan kake buƙata. Sa shota, wato saurin ɗaukar hoton, a 1/1000 na daƙiƙa lokacin da suka ruga cikin ruwa, rana na da ƙarfi ba za ka rasa haske ba. Eh kyamarar ta 2011 ce, amma megafiksel 18 ya ishi hoton da za a wanke babba a rataye a falo.

50mm ɗin nan kar ka kuskura ka sayar, a f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na abin da 18-55 ke shigarwa in ka ja shi ƙarshe, shi ne na hoton suna da walima cikin ɗaki in Nepa sun ɗauke. Na Nikon kuwa sai da adafta kuma da hannu za ka riƙa saita fokas, in ba ka da haƙurin wannan ka ba mai Nikon.

Kuɗin 6D ɗin ga inda zan kai su in ni ne. Batir LP-E8 na biyu, katin memori mai sauri, da robar abinci mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙullin silika irin na cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa busar da su in sun sha danshi. Sai ɗan famfon iska na roba saboda ƙurar hunturu, don wallahi abin da ke kashe gilashi a garuruwanmu gogewa da bakin riga ne, ƙurar nan yashi ce tana karce shi. A hura tukuna sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Kuma kar ka canza lens a fili ranar biki, 600D ba ta da kariyar ƙura ko ruwa, ka ɗaura 55-250 tun daga gida, in dole ne ka canza to shiga mota ka rufe gilashi, bakin kyamarar na kallon ƙasa.