Shimla: asalinta da abin da za ka gani a can

Malam, Shimla da ka tambayi tarihinta da wuraren kallonta tana jihar Himachal Pradesh a Indiya, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,200. A 1864 Turawan Ingila suka mayar da ita fadar mulkinsu ta bazara, don gudun zafin Kalkata, babban birninsu a Indiya a lokacin.

Ka hau ƙaramin jirgin ƙasa daga garin Kalka zuwa Shimla. An buɗe layin a 1903, kilomita 96 ne, yana ratsa ramuka 102 cikin duwatsu, tafiyar awa biyar zuwa shida. Sayi tikiti da wuri, don a Mayu da Yuni kujeru ƙarewa suke.

Gidan Gwamna Janar na 1888 ya isa kallo. Titin Mall da ƙafa ake binsa. In za ka hau dutsen Jakhu kuwa, jefa tabarau cikin jaka, biran wurin fizgewa suke.