Layin bai cika ba, amma intanet na jan ƙafa: me zan auna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu. Layinmu megabit 100 ne a sakan, jadawalin da nake dubawa kuma bai taɓa haura rabi ba, amma kullum ma'aikata na kukan intanet na jan ƙafa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, jadawalin bai yi maka ƙarya ba, ragowar maganar ce ya ɓoye. Galibin irinsa da SNMP suke aiki, wata ƙa'ida ta sa ido a kan na'urorin sadarwa da ta fito tun 1988. Rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, tana ƙirga bayit (ma'aunin yawan bayanai) ɗin da suka shiga da waɗanda suka fita, ita kuma manhaja ta leƙo duk bayan minti biyar, ta ɗauki lambar, ta fitar da matsakaici. To a ce layin ya cika maƙil na sakan 30, sauran lokacin shiru. Kashi 10 cikin 100 kacal za ka gani. Alhali a wannan ɗan tsakanin ƙunshin bayanai, wato ƙananan gutsattsarin da ake yanka saƙo kafin a aika, sun yi cunkoso, har rauta ta rasa wurin ajiya ta fara zubar da wasu. Wannan zubarwar ce mai kiran bidiyo yake ji a jikinsa, murya na yankewa, hoto na daskarewa.

Saboda haka rage tazarar karatun zuwa 'yan sakanni, ka kuma duba adadin ƙunshin da aka zubar. Ka bar ping, wato gwajin da ke aika ɗan saƙo ya auna lokacin dawowar amsa, yana gudana a gefe. Idan jinkirin amsa ya yi tsalle, cunkoso ne. Kada ka manta ɓangaren aikawa, domin a layuka da yawa ya fi na saukewa ƙunci, kwamfuta ɗaya mai loda manyan fayiloli ta isa ta shaƙe kowa.

SNMP dai yawa ya sani, bai san mai shi ba. Nan ne NetFlow ke shigowa, tsarin rubuta zirga-zirgar bayanai wanda kamfanin Cisco ya fito da shi a 1996, ko ƙaninsa IPFIX. Kowace hira tsakanin na'urori biyu sai ya rubuta adireshin mai aikawa da na mai karɓa, lambobin ƙofa (port) masu nuna irin hidimar, da nauyin abin da ya wuce. A ganina da shi ya kamata ka fara, in rautarka tana da shi.

Shirin Wireshark kuwa, mai buɗe ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, bar shi sai ka san wa kake nema. Ka kuma nemi izinin shugabanninka tukuna, don bayanan mutane za ka leƙa.