Me malamin bayoloji ke koya wa 'ya'yanmu a darasin haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana babbar sakandare a nan Gwale. Ina duba littafinta na bayoloji sai na ci karo da zanen mahaifa da gaban namiji, kowane sashe da sunansa. Gabana ya faɗi. Anya ba buɗe wa yara ido ake yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri da kike duba littafin 'yarki, iyaye kaɗan ne ke yin haka.

Ki kwantar da hankalinki. Darasin yadda halittu ke hayayyafa yana cikin manhaja tun da daɗewa, kuma WAEC da NECO suna tambaya a kai. Malami yakan faro daga kifi, kwaɗo da tsuntsu, ya zo kan zomo ko ɓera, sannan ɗan Adam: ina ƙwan mace ke fitowa, ina yake haɗuwa da maniyyi, yaya jariri ke samun abinci ta cibiya. Abin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa daban ne, wato manhajar rayuwar iyali da cutar ƙanjamau da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta fitar a 2003. A 2022 ma Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, yana ganin aikin iyaye da malaman addini ne.

Ni abin da ya fi damuna ba yawan bayani ba ne, ƙarancinsa ne. Na san abokan aiki da idan an iso wannan babi sai su ce "ku je ku karanta a gida". Wani kuma ya juya wa aji baya, ya cika allo da Turanci, a kwafa, a tashi. Kunya ce, da tsoron kada wani uba ya zo makaranta da faɗa. Yaran kuwa ba sa daina tambaya, sai dai su kai ta wurin ƙawa ko waya.

Ni nakan ajiye kwalin alli a bakin ƙofa, kowacce ta jefa tambayarta ba suna. Ba na manta wata 'yar takarda da aka ninke har sau huɗu: "Malama, wata biyu ban ga al'adata ba, kuma wallahi ban yi komai ba. Mutuwa zan yi?" Yarinya ta yi wata biyu ba barci, alhali a shekarun farko na balaga al'ada takan yi wasa, ta zo ta ɗauke, kafin ta daidaita. Ko a manyan mata tazarar takan kama daga kwana 21 zuwa 35. Kwana 28 da ke littafi matsakaici ne kawai. A nan ne muke maganar sauya audugar mata ko ƙunzugu a kan lokaci, da ciwon mara, da yadda aska ko reza da wani ya yi amfani da ita ke iya yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta.

Kuma Hajiya, 'yarki ta riga ta karanta haila, janaba da wanka a Islamiyya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Malamin kirki a kan wannan yake ɗora darasinsa, da kalmomi na mutunci, ba raha, ba labarin shimfiɗa. Idan namiji ne a ajin 'yan mata, wasu sukan roƙi malama ta karɓi wannan babi, kuma ina goyon bayan haka.

Inda ya kamata ki ɗaga murya shi ne idan malami yana batsa, ko yana keɓe yarinya ita kaɗai da sunan ƙarin bayani. Wannan ki kai wa shugabar makaranta a ranar, kada ki jira taron iyaye.

Yau da dare, bayan Isha, ki kira ta ɗaki ku biyu, ki buɗe shafin nan ki ce, "Zo ki yi min bayanin wannan zanen." Daga bayaninta za ki gane irin koyarwar da ake yi mata.