Gano ƙwayoyin uwa a jinin cibiyar da za a yi dashe da shi

Malam, ka tambaya yadda ake sanin ko jinin uwa ya gauraya da jinin cibiyar da aka adana don dashe. Da farko dai, dole a ɗebi jinin uwar ita ma, domin da shi ake kwatantawa.

Hanyar da aka fi bi ita ce gwajin STR, wato kwatanta wasu gajerun sassan gado masu maimaituwa da suka bambanta daga mutum zuwa mutum: a fitar da DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) daga samfuran biyu, a ninka shi da PCR (hanyar yawaita kwafin DNA a ɗakin gwaji), a duba wuraren da uwa ke da alamar da jaririn bai gada ba. Idan alamar ta bayyana a jinin cibiya, to akwai gauraye. Sai dai gwajin ba ya kama abin da ya gaza kashi 1 zuwa 5 cikin 100. Wanda ke son ganin ƙasa da haka sai ya koma ga qPCR (nau'in PCR da ke auna yawan DNA) mai neman nau'in HLA (alamomin da ke kan ƙwayoyin jiki, waɗanda ake dubawa don dacewar dashe) na uwa wanda ɗan bai ɗauka ba; wannan yana kaiwa kashi 0.1 cikin 100, har ƙasa. Idan jaririn namiji ne, FISH (gwajin da ke haska sassan gado da launi don a gan su a cikin ƙwaya) ma na aiki: a ƙirga ƙwayoyi masu XX (alamar mace, wato na uwa) a tsakanin masu XY (alamar namiji, wato na jaririn). Ga mace kuwa ba shi da amfani.

Ɗan kaɗan na ƙwayoyin uwa kan ratsa mabiyiya tun cikin ciki, wannan ba laifin kowa ba ne. Mai yawan yakan shigo ne wajen ɗiba, idan ba a goge igiyar cibiya sosai kafin soka allura ba, ko aka matse mabiyiya don a ƙara yawan jini.

Abin tsoron shi ne ƙwayoyin T na uwa, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki. Rabin HLA kawai suka haɗa da jaririn, alhali HLA na jaririn ne ake dubawa wajen dacewa da majinyaci, don haka suna iya afka wa jikin majinyacin da aka yi wa dashen. Suna kuma rikita sakamakon tantance HLA.