Zazzaɓin bayan allurar penta

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Kin ce jaririnki ya kwana yana zazzaɓi bayan allurar sati 6, wato penta, rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai, har surukarki ta ce kada a sake kai shi. Ki kwantar da hankalinki.

Abin da ke cikin penta matacciyar ƙwayar cuta ce da ɓangarorinta, ba sa iya haifar da ciwon. Da sun shiga jiki sai fararen ƙwayoyin jini su taso musu, su ƙera sinadaran kariya, wasu kuma su riƙe kamannin cutar shekara da shekaru. Wannan faɗan ne ke kawo zafin jiki da ɗan kumburin cinya, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. Nawa ma haka suka yi, na farin har da kuka dare guda, ni ma ina taya shi.

Allura ɗaya ba ta isa ba, shi ya sa ake maimaitawa a sati 10 da sati 14. Cututtuka biyar take karewa, ciki har da mashaƙo, wanda ya addabe mu a nan Bauchi a 2023.

Ki yawaita ba shi nono, ki rage masa kaya, farasitamol kuma sai gwargwadon da ma'aikaciyar asibiti ta faɗa. Amma in ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko zazzaɓin ya haura kwana biyu, ku tafi asibiti nan take. Ita kuwa Hajiya, ki lallaɓa ta ta raka ki ranar awo, ta ji da kunnenta.