Tambaya da Amsa: Sai Na Nemi Izini Kafin In Yi Gini a Gonata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya bara. Da kuɗin garatutina na sayi gona eka biyu a ƙasar Dawakin Kudu, ba nisa da titin Zariya. Abin da ke hannuna takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu huɗu. Ina son in kafa rumfar awaki, in gina ɗakin kaji kamar na 500, da sito, da ɗaki guda na yaron da zai riƙa kwana a wurin. Maginina ya ce gona ba ta buƙatar izinin kowa. Surukina kuma ya ce muddin na ɗora bulo ba takarda, wata rana sai na tarar da jan fenti a bango. Wanne zan kama? Na riga na sauke bulo 1,000 da yashi tifa biyu.
Mai karatunku daga Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a wannan gona, ya sa ta riƙe ka da iyali. Abu na farko: ka ce wa magini ya dakata da haƙa fandisho. Bulo ba ya ruɓewa, yashi ma ba inda za shi. Sati uku ko huɗu na zirga-zirga ba za su rage ka da komai ba.

Magininka da surukinka kowa ya riƙe ɓangaren gaskiya. Abubuwa huɗun da ka lissafa ba matsayinsu ɗaya ba. Na yi shekaru ina aikin awon filaye, na zaga gonaki ba adadi, ban taɓa ganin an tuhumi manomi don ya kafa rumfar kara ko ta kwano a kan ƴan sanduna ba, ko don ya yi rumbu, ko akurki, ko bukkar fakewa in hadari ya taso. Waɗannan kayan noma ne, yau a kafa gobe a cire. Don haka rumfar awakinka, in dai itace ce da kwano da shinge, kafa abarka. Amma da zarar an haƙa ƙasa an zuba kankare, an jera bulo da siminti, magana ta canza. Ɗakin kaji 500 gini ne. Sito gini ne. Ɗakin da mutum zai kwana kuwa ya fi su duka nauyi, domin shi ne ke fara mayar da gona gida, da masai da rijiya da duk abin da zama ke jawowa.

Dokoki biyu ne ke aiki a nan, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta raba ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin yankin birni, shi ke ba da izinin mallakarta. Wadda ba ta shiga ba, ƙaramar hukuma na iya ba da izinin riƙe ta bisa al'ada, har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Wannan dokar tana amsa tambayar "ƙasar ta wa ce, kuma don me aka ba shi?" Ta biyu ita ce dokar tsara birane da yankuna ta 1992, mai amsa tambayar "me aka yarda ka gina a kai?" Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara gari hurumin jihohi ne, kowace jiha da hukumarta da ƙa'idojinta. A Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA. Saboda haka abin da wani abokinka na Zariya zai gaya maka ba lallai ya yi daidai da naka ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Takardar mai unguwa tana da daraja, kada ka bari ta yi ko da lanƙwasa. Shaida ce cewa an yi ciniki, an biya, dattawa sun gani. Amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba, kuma ba ta ce maka komai game da abin da aka tsara yi da wannan yanki. Mai unguwa ya san iyakar gonar wane da ta wane tun kaka da kakanni. Bai zama lallai ya san cewa a wata taswira da ke cikin ofis an ja layin titi ta tsakiyar gonar ba. Kuma kai gonarka tana bakin Kano ne, a hanyar da gari ke ci kamar wutar daji. Waɗanda suka kai shekarunmu sun san lokacin da Na'ibawa da Ɗanladi Nasidi suke gonaki. Abin da ake kira ƙauye yau, kafin jikanka ya gama firamare sai ka ga an yanka shi fuloti-fuloti, wani awon gwamnati wani awon igiya.

Na taɓa zuwa gonar wani bawan Allah, a wata jiha ba Kano ba, wanda shi ma kuɗin sallamarsa ya zuba. Ya gina ɗakunan kaji biyu masu kyau, da tankin ruwa a sama. Laifinsa guda: rabin ɗaki ɗaya ya shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ranar da na je, jan fentin bai gama bushewa a jikin ƙofar ƙarfen ba, har ya ɗiga a kan dakalin. Yana tsaye da takardar wa'adi a hannu, yaransa na ta jera mazuban abinci da na ruwa a gindin darbejiya, ƴan sari kuma sun cika wurin suna taya kajin da ba su isa sayarwa ba yadda suka ga dama. Abin da ya riƙa maimaita mini shi ne, "Wallahi ba wanda ya gaya mini." Na yarda da shi. Har yau in na tuna idonsa sai raina ya sosu, domin awon rabin yini da ya hana wannan asara.

Don haka ka duba waɗannan da idonka tun kafin ka je kowane ofis. In babban layin wuta ya ratsa kusa, mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane gefe, mai 132 kuma mita 15. Titin Zariya na gwamnatin tarayya ne, kuma hurumin irinsa ya kai mita 45.72 daga tsakiya zuwa kowane ɓangare. Ka tambayi dattawan wurin ko akwai burtali, domin gini a kan hanyar shanu rigima ce da ba ta ƙarewa. Ka kuma je bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake bi.

Sai ka samu safiyo mai rajista ya auna gonar, ya kafa duwatsun iyaka, ya ba ka taswira mai lambobi. Da ita za ka je KANGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta Kano, ko ma'aikatar ƙasa ka nemi a duba maka abu biyu: shin wurin ya shiga yankin birni, kuma shin akwai wani tsari ko wata mallaka a kansa? In yana ciki, ka nemi takardar mallaka, ka kai zanen gini KNUPDA. In yana waje, sashen ƙasa na ƙaramar hukuma za ka nufa. Ko ina ka je, duk kuɗin da za ka biya ka karɓi rasit na gwamnati, kuma amsar da aka ba ka ta zama a rubuce. "Je ka yi gininka, ba komai" ba takarda ba ce, wanda ya faɗa maka ana iya canza masa wurin aiki gobe.

Kada kuma ka ɓoye ɗakin mai gadi a zanen. Ka sa shi, ka rubuta abin da yake. Wasu sukan nemi izinin sito, sannan a hankali ya zama ciki da falo har da iyali. Wannan sauya amfanin fili ne, kuma izininsa daban. Akwai wata fa'ida ma da ba a cika tunawa ba: in gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, dokar 1978 ta tanadi diyya ne a kan abin da ka raya, wato gini da amfanin gona da makamantansu. Mai takardar izini yana magana da ƙarfinsa a ranar. Marar ita roƙo yake yi.

Tun da za a yi zanen, a sa tsawon ɗakin kajin gabas da yamma don kada rana ta riƙa dukan gefensa, a nisanta shi da iyakar maƙwabci saboda wari da ƙuda, masai kuma ya yi nesa da rijiya kamar mita 30.

TAMBAYA: Malam, ni haya na karɓi lambu na shekara uku a wajen Kura. Zan iya gina ƙaramin sito na albasa a ciki? Mai wurin kawun mijina ne, ya ce in yi.
Wata ƴar'uwa daga Kura.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka wa kawu da alheri. Sai dai shekara uku kamar gobe ne, kuma abin da aka gina ya kafu a ƙasa yakan bi mai ƙasar in ba a yi wani sharaɗi ba. Kawu na iya riƙe alkawari, amma rai na Allah ne, magada kuma ba su ji lokacin da ya ce ki yi ba. Ki roƙi maigida ya je su zauna, a rubuta ƴar takarda gaban shaidu biyu: ya yarda a yi, kuma in wa'adi ya cika ko za ki kwashe kayanki ko za a yi musu kuɗi a biya ki. Ni dai da rumfa zan ba ki shawara, ta itace da zana, da dandamali a ɗage daga ƙasa yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Albasa ta fi son haka a kan ɗakin bulo mai riƙe zafi, ba ki buƙatar zanen gini, kuma ranar da haya ta ƙare a kura ɗaya za ki ɗauke abinki.